Aradu a Marinar Boɗinga

A shekarun da Nasara ke ɗiban samari ana kai su yaƙin Bama, tufafi sun yi wuya a ƙasar Sakkwato. Kantunan birni suka bushe, akoko da alawayyo suka zama sai labari, masaƙan da suka daɗe da rataye kayan aikinsu suka sauko da su suka kakkaɓe. Kowa ya koma wa farin saƙi da rinin baba. Mace takan cinye rani guda tana kaɗi kafin ta haɗa zane ɗaya, saboda haka in ta kawo shi marina ranta ne ta kawo, ba ta yarda ko zare ɗaya ya yi ciwon kai.

Sodangi marini ne a Boɗinga, kuma ba zan ce muku mutum ne mai daɗin zama ba. Dogo ne, busasshe, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa, in ka gaishe shi sai ya amsa kamar ana karɓar wani abu daga gare shi. Matarsa ta rasu, ɗansa Maniru yana cikin waɗanda soja suka kwashe, ba a san inda ya faɗa ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne rijiyar baban da ya gada daga ubansa, da shaidar da mutane ke yi masa ta amana. Daga Shagari, daga Dandin Mahe, har daga Horo Birni, mutum yakan aiko da kayansa ta hannun fatake ba tare da ya kafa shaida ba, ya ce a kai wa Sodangi kawai. Da wannan shaidar yake taka ƙasa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Marina suna cewa rijiyar baba rai gare ta, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ana zuba ruwa da toka da busasshen baba, a rufe, a jira. In ta tashi sai ka ga kumfa mai sheƙi a sama, ruwan da ke ƙarƙashi kuwa kore-kore ne, yana santsi tsakanin yatsu, da wani wari da ke korar baƙo amma shi marini yana jin sa kamar ƙanshin tuwo. A tsoma farin zane ya fito kore, iska na taɓa shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Ta Sodangi tsohuwa ce, laɓon da ke gindinta, wato kaurin baban da ya kwanta, tun na zamanin ubansa ne ake ɗorawa a kai, shi ya sa baƙinta ya fi na kowa kamawa.

Wata ranar kasuwa, damina ta kankama, wata mata Zulai daga Dandin Mahe ta zo karɓar zanenta. Ta warware shi a gaban jama'a, ta ɗora gefensa a gwiwar hannu ta auna, ta sake aunawa, sai ta ɗaga murya.

"Zanen ga ba haka nib ba ka shi ba! Ya ragu. Yankewa kay yi."

"Baiwar Allah," in ji Sodangi, bai ko ɗago kai ba, "sabon saƙi in ya sha ruwa tsukewa shika yi. Tambayi kowa nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma Zulai mace ce mai baki, ga takaicin wahalar kaɗinta, sai ta shiga kiran 'yan kasuwa su zo su ga ɓarawon da ake yabo. Kalmar ɓarawo ce ta soke shi. Ya miƙe, ya nuna rijiyar da baƙin yatsansa.

"In ni ay yanki ko zare guda na zanenki, aradu ta hwaɗa ma rijiyag ga!"

Malam Nuhu, mai makarantar allo ta bayan kasuwa, yana cikin masu wucewa, ya girgiza kai ya ce ba a rantsuwa da abin da ba Allah ba. Zulai ta naɗe zanenta ta tafi tana gunguni. Mutane suka watse suna cewa lalle mai gaskiya ne, don maƙaryaci ba ya kiran aradu da damina.

Kasuwa ba ta sake zagayowa ba abin ya faru. Da la'asar ne, hadari ya haɗo daga gabas baƙi wuluk. Marina suka yi ta rufe rijiyoyinsu suna gudu zuwa rumfa. Sodangi ya tsaya kwashe shanyar mutane tukuna, kafin ya juyo ruwa ya sauko, ya bar tasa rijiyar a buɗe, doguwar muciyar da yake motsa baba da ita na tsaye a ciki, jiƙe sharkaf, ta fi komai tsawo a filin. Yana shiga rumfa da kaya a rungume sai duniya ta yi fari fat. Ƙarar da ta biyo baya ba a kunne aka ji ta ba, a ƙirji aka ji ta. Da idanu suka dawo, sai ga tururi na tashi daga bakin rijiyarsa, muciyar ta tsage biyu, ruwan baba ya fantsama har jikin katangar da ke nesa.

Ba wanda ya ce uffan. Abin da ya fi masa ciwo ke nan. Mutum goma sha a rumfar, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Da ruwa ya ɗauke ya je shi kaɗai ya durƙusa a bakin rijiyar. Wani wari mai kaifi ya daki hancinsa, irin na ƙyastu in an buga ƙanƙara da ƙarfe, ba warin baba ba. Yashin bakin rijiyar ya narke a wuri guda ya dunƙule, yana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Kumfar nan mai sheƙi babu ita. Ruwan saman ya koɗe, ya yi fari-fari kamar ruwan wanki, shuɗin ya tsinke ya zama gari-gari yana nutsewa. Ya sa yatsu, da ɗumi, kuma santsin ya tafi. Ya ɗanɗana a harshe, maimakon ɗacin toka sai ya ji wani tsami-tsami. Ya tsoma farin zare ya ɗaga, zaren ya fito yadda ya shiga.

Sai da gari ya waye ya yi ƙarfin halin duba gindinta. Ya ɗaura ƙaramin tulu a gora, ya toshe bakinsa da tsumma, ya tura shi can ƙasa a hankali, sa'an nan ya fizge tsumman da igiya. Abin da tulun ya hauro da shi kore ne, da santsinsa, da warinsa na ainihi. Ya tsoma zare, ya ɗaga, ya tsaya yana kallo har zaren ya juya shuɗi. Ya zauna a kan laka. Wutar sama ta cinye rabin ruwan, ba ta kai gindi ba. In ya kwashe mataccen a hankali, ya ba ta ruwan toka mai ƙarfi, ya rufe ta ya ƙyale ta, za ta tashi. In kuwa ta tashi, bakin mutane zai mutu, don kowa ya san abin da aradu ta zo hukuntawa ba ya sake rayuwa.

Yana cikin kwasar ruwan saman da ƙwarya sai ga Mode, sarkin marina, tsoho mai faɗin ciki da son a ce shi ya faɗa. Ya tsaya nesa kaɗan, kamar rijiyar za ta cije shi.

"Sodangi, mi kaka yi haka? Ba a taɓa wurin da aradu taf faɗa sai an kashe wutatta. A nemo madara a zuba."

Al'ada ce da kowa ya tashi ya tarar. Wutar aradu ba ta jin ruwa, sai nonon saniya. In ta faɗa wa bukka ko itace, ana yayyafa madara, in ba haka ba wutar tana nan kwance a wurin, kuma za ta kira 'yar'uwarta. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda za a yi in ruwan baba ta faɗa wa, don ba a taɓa gani ba.

"Sarki, ranka shi daɗe," in ji Sodangi, "nono tsami garai. Baba ba ya shiri da tsami. Wutag ga ta riga ta tsamama saman, in an ƙara mata nono mutuwa za ta yi. Gindinta na da rai, zo ka gani."

Mode bai zo ya gani ba. Shi ma marini ne, ya san abin da tsami ke yi wa baba sarai, amma tsoro ya fi sani ƙarfi a wurinsa, ga rijiyoyinsa uku a maƙwabtaka. Ya ce, "Kai dai ka sani. Amma mutane na kallo."

Mutane kuwa sun kalla. Kafin azahar labari ya gama Boɗinga cewa Sodangi ya hana a zuba madara. Masu cewa tsautsayi ne jiya, yau suka fara cewa to me yake ɓoyewa? Malam Nuhu ya faɗa a masallaci cewa tsawa baiwar Allah ce, tana sauka inda aka umarce ta, kan mai laifi da marar laifi. Aka ce gaskiya ne Malam, aka fito aka ci gaba da maganar daga inda aka tsaya. Marinan da ke kusa da shi suka janye shanyarsu. Mai fura ta daina biyowa ta gefensa. In hadari ya taso, sai ka ga mata na leƙowa ta kan zana suna duban marina suna salati.

Shi kuwa ya duƙufa. Ya tace toka ya zuba ta gefe a hankali, don kada ya girgiza gindin. Ya rufe bakin da tabarma biyu. Kullum da hantsi sai ya ɗaga gefe ya sunsuna, kamar mai jinyar da ke sauraron numfashi. Warin ƙyastun ya tafi. Santsi ya fara dawowa. Ran nan ya ɗaga tabarma ya ga 'yar kumfa a tsakiya, ba ta fi tafin hannu ba, tana sheƙi. Tun da aka tafi da ɗansa bai yi murmushi ba sai ranar, shi kaɗai, ba mai gani.

A ranar ce Hajjo ta iso. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, tana aure a Kajiji har mijin ya rasu ta zauna cikin 'ya'yanta. Labari ya same ta a bakin masu jaki, kuma kun san yadda labari ke ƙiba a hanya: an ce mata aradu na bin ƙanenta, ta kuskure shi sau ɗaya, kuma ya ƙi magani. Tsohuwar nan ta bi rugagen Fulani ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, wannan ya tatsa mata kaɗan, wancan ya ƙara, har ta cika babbar ƙwarya. Ta ɗora a kai ta kamo hanya da ƙafa, ta yada zango a Shagari, ta sake tasowa. Da ta shigo marina ƙafafunta sun kumbura, laka har ƙwauri, madarar kuwa ta daɗe da zama nono, ana jin tsaminsa tun daga nesa.

Jama'a suka biyo ta a baya. Ta sauke ƙwaryar a gabansa, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa, kamar yaron da ya faɗo daga itace.

"Yaya," ya ce, "mi yak kawo ki cikin ruwan ga?"

"Kai ak kawo ni. Ɗauki ka zuba."

Ya ja ta gefe ya yi ƙasa da murya. Ya gaya mata rijiyar ta fara tashi, ya ce ta ba shi kwana kaɗan kawai, ya ce nonon nan shi zai ƙarasa abin da wutar ta bari. Ta saurare shi har ya gama, hawaye na bin kuncinta.

"Ni ban san baba ba, Sodangi. Kai nis sani. Na san ba ka taɓa ɗaukar na wani ba, ko gyaɗa guda. Amma dubi gabas." Ya duba, hadari na haɗuwa. "Uwarmu ta tahi, ubanmu ya tahi, Maniru ba a san inda shike ba. In wagga ta komo ta ɗauke ka, wa ar rage min? Rijiya dai ta, ana gina wata. Don Allah, don goyon da niy yi ma, ka zuba."

Da Mode ne ya faɗa, da ya ƙi. Da hakimi ne ya aiko, da ya san yadda zai yi ya ja kwana. Amma ga tsohuwa ta tako ƙasa mai nisa da kaya a kai, ga garin duka ya zuba ido ya ga ko zai kunyata ta. Ya dubi ƙafafunta. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar, ya yaye tabarma da ƙafa. 'Yar kumfar na nan tana sheƙi. Ya zuba nonon a kanta da hannunsa.

Da ƙwarya ɗaya ce, wataƙila da tsohuwar rijiya ta shanye. Amma da mutane suka ga ƙofa ta buɗe, sai kowa ya tuna da nasa tsoron. Matan unguwa suka yi ta fitowa da nonon da suka saya don fura, 'yan Fulanin da ke tallar nono a bakin kasuwa aka tare su aka juye nasu. Mode ya ce wutar a gindi take kwanciya, sai an motsa nonon ya kai gare ta. Aka kawo muciya biyu, ƙarti suka kama suka yi ta tuƙi, suna ɗagowa suna bugawa, laɓon da Sodangi ke lallaɓawa ya taso ya gauraye da komai. Ruwan ya yi kalar toka, gudajin nono na yawo a kai. Ana ta barka, ana yi wa Hajjo sannu. Hadarin nan kuwa ya yi ta ruri, ya karkata kudu, ko ɗigo bai sauke a Boɗinga ba, aka ce kun gani, magani ya ci.

Sodangi ya rufe rijiyar, ya ƙara mata toka, ya sake ƙarawa. Ya san aikin banza yake yi. Kwanaki kaɗan ta fara wari, ba warin baba ba, warin ruɓa, wanda ya sa har marinan da hancinsu ya mutu suka toshe shi. Wata fatar funfuna ta rufe saman, ƙudaje suka samu gida. Ya tura tulunsa gindi ya hauro da shi, abin da ya fito baƙin ruwa ne marar santsi. Zare ya shiga fari ya fito da datti.

To, a nan ne mutane suka nuna halinsu, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ba wanda ya ce nono ya kashe ta, ko Mode da ya sani. Cewa aka yi: an kashe wutar, an yi duk abin da ake yi, amma rijiyar ta mutu, ashe dai rantsuwar ce ta kama shi. Zulai ba ta ko sake zuwa ba, ba ta da bukata, garin ya gama yi mata shari'a.

Aka fara zuwa karɓar kaya. Ba faɗa, ba zagi, da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mutum zai yi sallama, ya ce iyali sun matsa a maido musu zanensu ko ba a rina ba, ya karɓa, ya koma gefe ya duba, ya tafi. Fataken Shagari suka zo da saƙon mutanensu, suka kwashe nasu a kan jakuna. Sodangi na zaune a zaure yana miƙa wa kowa nasa, bai taɓa ɗaukar na wani ya ba wani ba, har tarin ya ƙare. Ya rage ƙunshi ɗaya a lungu.

Na Hajjo ne. Farin zane ne da ta aiko masa tun farkon damina, ya ajiye shi sai rijiya ta yi kyau sosai ya rina mata baƙin da ba a taɓa gani ba a Kajiji. Duk kwanakin nan tana gidan, tana dafa masa abinci, tana cewa ya ci, tana faɗa da duk macen da ta yi mata wani kallo a bakin rijiyar sha. Da ƙafafunta suka saɓe ta ce za ta koma, gero na jiran noma na biyu. Ya ɗauko ƙunshin ya ba ta.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ban samu rina shi ba."

"Ba komi. Hwari ma sutura na."

Ta shiga cikin gida haɗa kayanta, shi kuma ya fita ya samo mata ƙuli-ƙuli da 'yar fura ta guzuri. Da ya dawo bai yi sallama ba, gidansa ne. Ya zagayo zana ya tsaya.

Tana tsakar gida, ta ba ƙofa baya. Ta warware zanen, ta ɗora gefensa a gwiwar hannunta, ta ja zuwa kan yatsa, ta riƙe wurin, ta sake ɗorawa. Leɓunanta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta sake bi a hankali. Sai ta sauke numfashi mai nauyi, ta juyo, ta gan shi.

Ba ta ji kunya ba, don ba ta san ta yi wani abu ba. Fuskarta ta washe da murna, irin murnar wanda aka sauke wa kaya, ta ɗaga zanen sama tana nuna masa.

"Cikakke na, Sodangi! Alhamdu lillahi, ko taƙi bai ragu ba."

Ya ce, "To, Yaya."

Ya ajiye mata guzurin a kan turmi, ya ɗauki kayanta ya raka ta har bakin hanyar Shagari. Tana ta yi masa addu'a, yana amsawa da amin.